Ƙwallon unguwa ko na makaranta: ina ya fi dacewa yaro ya taka leda?

Duk wanda ya ratsa unguwannin Kano ko Zariya ko Kaduna bayan la'asar ya san abin da zai gani. Kowane fegi da ba a gina ba ya zama fili, an aje duwatsu biyu a matsayin raga, ƙura na tashi, ga wani matashi da usur a wuya yana daka wa yara tsawa. Filin firamaren da ke kusa shi ma cike yake, sai dai masu wasan ba ƙungiyar makarantar ba ce, kulob ɗin unguwa ne ya ari wurin bayan an tashi. Shi ya sa iyaye ke yawan tambaya: a bar yaro ya bi koci na unguwa, ko a ce ya tsaya ga wasan makaranta kawai?

Gajeriyar amsa ita ce kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa. Makaranta ta san yaro, ta san ajinsa da shekarunsa da mahaifinsa, amma ba ta ba shi wasa isasshe. Unguwa tana ba shi wasa har ya gaji, amma ba ta da takardar da za ta nuna ko shi wane ne. Kusan duk matsalolin da ke biyo baya daga nan suka samo asali.

Lissafin wasanni

A fara da abin da ake iya ƙirgawa. Shekarar karatu zango uku ce, kowanne kamar mako 12 zuwa 13, kuma makon farko da makonnin jarrabawa ba a yin wani abin kirki a fili. Babban taron wasanni na yawancin makarantu shi ne intahaus, sau ɗaya a shekara, wanda tsere da maci da rabon kyauta suka fi yawa a cikinsa. Gasar ƙwallo tsakanin makarantu kuwa, inda ake yin ta, galibi sili-ɗaya-ƙwale ce, saboda ita ce mai sauƙin kuɗi. To ga yadda lissafin yake: makarantu 16 a sili-ɗaya-ƙwale wasa 15 ne gaba ɗaya, kuma takwas daga cikinsu wasa ɗaya tak za su buga su koma gida. Yaron da ya yi wata biyu yana atisaye, abin da ya samu a shekarar bai wuce minti 70 ba, idan ma an sa shi.

A kwatanta da lig na unguwa mai ƙungiya takwas, gida da waje. Wasa 56 ke nan, kowace ƙungiya 14. Ko da rukuni-rukuni aka yi na ƙungiya huɗu-huɗu, kowa yana da tabbacin wasa uku. Ga kuma wasannin sada zumunci da kocina ke haɗawa ta waya a daren Juma'a a buga da safiyar Asabar. Ƙafa ba ta sanin ƙwallo sai da yawan taɓawa, don haka a wannan fanni unguwa ta yi wa makaranta fintinkau, babu wani ja.

Ba wai babu tsari a sama ba. Akwai hukumar wasannin makarantu ta ƙasa, NSSF, akwai gasar ƙwallon kwando ta Milo ta makarantun sakandare da ta daɗe ana yi, akwai gasar wasannin matasa ta ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 15. A ɓangaren ƙungiyoyin matasa kuma akwai YSFON, mai shirya kofin Ramat a Kano don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed. Amma duk waɗannan ƙololuwa ce. Yaro ɗan aji biyar a Ɗorayi ko Rigasa ba ya kaiwa can sai ya sami inda zai buga kowane mako.

Shekaru: inda gizo ke saƙar

A je wurin tantance 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da 13 ta unguwa a ga abin mamaki. Ana jera yara a layi, wani daga cikin masu shirya gasa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙwauri ko gashi ya fito, ya ɗaga haɓa ya duba maƙogwaro, ya ce yaro ya yi magana a ji ko murya ta fashe. Wani wurin sanda ake gicciyawa, wanda kansa ya taɓa ta ya fita. Koci na gefe yana rantsuwa cewa a gabansa aka haifi yaron.

Wannan hanya tana kuskure ta fuska biyu. Yaro mai shekara 12 da ya yi saurin girma za a kore shi alhali gaskiya ya faɗa. Ɗan shekara 16 mai ƙaramin jiki kuma zai wuce, ya shiga cikin ƙanana da ƙashinsa da ya riga ya yi ƙwari. Balaga ba ta zuwa wa yara lokaci ɗaya. Tsakanin sa'anni biyu ana iya samun tazarar shekara biyu ko uku a girman jiki. Ido ba ya auna shekara.

Ko a matakin duniya sai da aka koma ga na'ura. Nijeriya ta ci kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma tun gasar 2009 da aka yi a nan gida, wadda Kano da Kaduna da Bauchi suka karɓi wasu wasanninta, FIFA ta shigo da hoton MRI na wuyan hannu. Abin da hoton ke dubawa shi ne ko mahaɗar girma ta ƙashin, wato wurin da ƙashi ke ƙara tsawo, ta rufe gaba ɗaya, alamar cewa mai yiwuwa saurayi ya haura 17. Ba ya faɗin ranar haihuwa, ba ya raba ɗan 12 da ɗan 14, kuma ba kuɗin da gasar unguwa za ta iya biya ba ne.

A nan ne makaranta ke da abin da kuɗi ba ya saye: rajistar shiga aji ɗaya. An rubuta ta ne lokacin da yaro ke da shekara shida ko bakwai, lokacin da babu wanda ke tunanin ƙwallo balle ya rage masa shekara. Takardar rantsuwa ta kotu ana iya yin ta jiya. Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya tana da ƙarfi idan tun yaro na jariri aka karɓe ta, don haka a duba ranar da aka bayar da ita, ba ranar haihuwar da aka rubuta kaɗai ba. Amma littafin rajista na firamare, da sunan yaro a tsakiyar sa'anninsa, da wuya a yi masa kwaskwarima ba a gani ba.

Kada a ɗauka makarantu tsarkaka ne. Su ma suna ɗauko 'yan haya, a ɗinka wa ƙato yunifom a ce ɗan aji uku ne. Maganin wannan mai sauƙi ne idan ana so: kowace makaranta ta miƙa sunaye da hotuna mako biyu kafin gasa, shugaban makaranta ya sa hannu da hatimi a kan hoton, a haɗa da sakamakon jarrabawar zangon da ya wuce, sannan a liƙa jerin inda abokan hamayya za su gani. 'Yan makarantar da ke makwabtaka sun fi kowane kwamiti sanin wanda ba ɗalibi ba.

Fili da ƙwallo daidai jikin yaro

Kuskuren da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai shi ne sa ƙananan yara wasan manya. Za ka ga 'yan shekara tara su 22 a filin da ya kai mita 100, gola ɗan ƙarami tsaye a ragar da faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta 2.44. Wanda ya fi ƙarfin ƙafa sai ya riƙa ɗaga ƙwallo sama tana shiga, a ce ya iya. Sauran kuma su yini suna gudu ba su taɓa ta sau goma ba.

Ma'aunin da ƙasashe irin su Ingila suka daɗe suna bi ya fi dacewa, kuma ba ya buƙatar komai sai igiya da toka. 'Yan shekara tara da goma su buga bakwai-bakwai a fili kamar mita 55 da 37, raga mita 3.66 da 1.83. 'Yan 11 da 12 su buga tara-tara a kamar mita 73 da 46, minti 30 kowane rabi. Daga 13 a shiga sha ɗaya-sha ɗaya, minti 35 ga 'yan 13 da 14, minti 40 ga 'yan 15 da 16. Babban fili guda ana iya raba shi gida biyu a gicciye a yi wasa biyu lokaci ɗaya, wato yara 28 na wasa maimakon 22.

Ƙwallo ma lamba-lamba ce. Lamba 5 ta manya nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, ba ta dace da wanda bai kai 13 ba. Lamba 4 ita ce ta 'yan tara zuwa 12, lamba 3 ta ƙanana. Idan aka ba ƙaramin yaro ƙwallo mai nauyi, musamman wadda aka yi wa faci aka cika mata iska ta yi tauri, sai ya koyi bugu da tsinin yatsa domin ta haka kaɗai za ta tafi, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar gyara daga baya. Sa kai kuma a jinkirta shi: Amurka ta hana shi ga 'yan shekara goma zuwa ƙasa tun 2015.

Wane ne ke riƙe da usur

Malamin wasanni na makaranta, in akwai shi, yawanci ya yi karatun fannin a kwalejin ilimi. Ya san jiki, ya san taimakon gaggawa, yana da shugaba a sama da shi da za a kai wa ƙara. Matsalarsa ɗalibai ɗaruruwa, ƙwallo ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa an ɗora masa wani darasi daban, wasan ya zama aikin gefe.

Kocin unguwa akasin haka ne. Galibi tsohon ɗan wasa ne da rauni ko rashin sa'a ya tsayar, ya san ƙwallo a ƙafa, yana ba da lokacinsa kyauta, wani lokaci har kuɗin jesi daga aljihunsa. Da yawansu sun raba yara da zaman banza fiye da yadda ake yaba musu. Amma babu mai duba aikinsa. Abin da aka yi masa yana ɗan wasa shi yake maimaitawa: zagaye fili sau goma kafin a taɓa ƙwallo, tsallen kwaɗo ga wanda ya makara, hana shan ruwa wai don a yi juriya. Waɗannan ba sa ƙara wa ɗan shekara 11 komai sai ciwon gwiwa.

Uba ko yaya da ke son sanin ko kulob na kirki ne ba ya buƙatar dogon bincike. Ya je filin sau biyu ba tare da sanarwa ba. Ya duba ko an raba yara bisa shekaru ko an cakuɗa su da samari masu gemu. Ya duba ko na benci suna shiga wasa, ko kuwa yara 11 ne kullum sauran 'yan ɗebo ƙwallo. Ya lura da waɗanda ke zaune a bakin fili, domin inda manya ke sa kuɗi a kan wasan yara, can ne ake fara koya wa yaro shan ƙwaya don kada ya gaji. Sannan ya kafa sharaɗi biyu da ba a sassautawa: yaro ba ya kwana a ɗakin koci ko na wani babba da sunan kam, kuma duk tafiya zuwa wani gari sai da manya biyu aƙalla da izinin iyaye.

Nauyin da ba wanda ke ƙirgawa

Yaron da ya iya ƙwallo kowa na son sa. Makaranta ta sa shi da safe, kulob ya sa shi da yamma, 'yan layinsu su ja shi wasan dare a ƙarƙashin fitila, ranar Lahadi wani kulob ya are shi. Malamin wasanni bai san da koci ba, koci bai san da malami ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce yaro daga shekara biyar zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 a rana, amma wannan ba ya nufin wasan gasa kullum. Ƙa'idar da likitocin wasanni ke bayarwa mai sauƙin riƙewa ce: awannin atisaye da gasa a mako kada su wuce adadin shekarun yaro, kuma a bar masa kwana ɗaya ko biyu babu ƙwallo. Alamar an wuce gona da iri ita ce ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, inda wani ƙashi ke ɗan tasowa, ko a dunduniya, musamman tsakanin shekara 10 zuwa 15 lokacin da ƙashi ke tsawo da sauri. Hutu da rage tsalle ne maganinsa, ba matsa da man zafi a koma fili ba.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura digiri 40 da rana. Makarantu sukan sa wasa da tsakar rana saboda lokacin tashi, wannan kuwa kuskure ne babba. Ko dai kafin tara na safe ko bayan biyar na yamma. Ɗan shekara tara zuwa 12 yana buƙatar kamar rabin ledar fiya wata duk minti 20. Ga yara 20 a atisayen awa ɗaya da rabi, hutu huɗu ke nan, wato lita 20, jarka guda cur. Kocin da ya zo fili da leda biyar bai shirya ba. Idan yaro ya fara jiri, ko magana ta rikice masa, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a jiƙa shi da ruwa ana fifita, a nufi asibiti. Mai sikila ko asma sai da shawarar likita, kuma dole koci ya sani, domin ƙishirwa da zafi suna tayar da ciwon sikila, ƙurar hunturu kuma tana tayar da asma. A watan azumi a mayar da atisaye bayan buɗa-baki ko a rage shi sosai.

Raunuka uku ne aka fi yi wa sakaci. Yaron da aka yi karo da kansa ya ga jiri ko ya yi amai ba ya komawa wasa a ranar, ko da ya rantse ya warke. Targaɗe ana sa masa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20 a ɗaga ƙafar, ba a ja, ba a murza. Idan kumburin a daidai wuyan hannu ko idon sawu yake kuma yaro ba ya iya motsa hannun ko taka ƙafar, a yi hoto kafin a je wurin mai ɗori, saboda a nan mahaɗar girma take, in ta karye aka ɗaure ta a karkace hannun ko ƙafar na iya tasowa a karkace. Na uku yankan kwalba ko ƙusa a filin da ba a share ba: a wanke da ruwa da sabulu, a je a yi allurar tetanus. Minti biyar na tsintar fili kafin a fara, yara a jere kafaɗa da kafaɗa, yana rage wannan ƙwarai.

Takarda da kuɗi

A nan ne kulob ɗin unguwa ke asara ba tare da ya sani ba. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa domin ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 na jimillar kuɗin, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 0.5. Idan aka sayar da ɗan wasa Yuro miliyan ɗaya, kulob ɗin da ya riƙe shi shekara huɗun farko yana da Yuro 10,000. Amma sai in kulob ɗin yana da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, kuma an shigar da sunan yaron a lokacin. Hoton da aka ɗauka da kofi ba hujja ba ne.

Haka nan doka ta 19 ta ƙa'idojin musayar 'yan wasa ta hana kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu keɓaɓɓun halaye. Ahmed Musa, bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. A 2021 FIFA ta hukunta kulob ɗin Spezia na Italiya kan shigo da yara 'yan Nijeriya da ba su kai shekarun ba. Saboda haka duk ejan da ya zo gida ya ce zai fitar da ɗan shekara 15 Turai, a sayar da fili a ba shi kuɗin biza, ko dai bai san doka ba ko ya san ta sarai. Kulob na gaske shi ke biyan kuɗin tafiyar wanda yake son gwadawa. Kuma akadamin da ta ce yaro ya bar makaranta don ya mai da hankali kan ƙwallo ta riga ta nuna inda ta sa gaba, domin cikin ɗaruruwan da ke fili kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da ita.

Waɗanda kowane ɓangare ya bari a baya

'Ya'ya mata kusan ba su da wuri a filin unguwa, kuma iyaye da yawa ba za su yarda ba ko da akwai. Makarantar 'yan mata mai katanga, da malama mace, da dogon wando da ɗankwali, ita ce kaɗai ƙofarsu zuwa tsere ko ƙwallon raga ko na hannu; dokar ƙwallon ƙafa ma ta amince da rufe kai tun 2014. Haka yaron da baiwarsa gudu ce ko tsalle ko ƙwallon kwando, a makaranta ake gano shi, domin unguwa ƙwallon ƙafa kaɗai ta sani. A ɗaya gefen, almajiri da yaron da ke koyon sana'a a gareji ba su cikin rajistar kowace makaranta, kocin unguwa ne kaɗai ya san sunansu.

Yadda za a haɗa su a aikace

Kafin shekara 12 babu dalilin ɗaure yaro ga kulob mai atisaye kullum. Wasan makaranta, da na layi, da langa da guje-guje sun ishe shi, sai kulob sau biyu a mako in yana so. Daga 12 zuwa 15 ne ya kamata a zaɓa masa kulob guda mai rajista, a sanar da malamin wasanninsa, kuma a daidaita lokaci da Islamiyya. Tunda a yawancin wurare ba a zuwa ranar Alhamis da Juma'a, yammacin waɗannan ranaku su ne na atisaye ba tare da an yi rigima da malam ba. Ɗan ajin ƙarshe na sakandare a sassauta masa daga Afrilu har a gama WAEC da NECO.

Filin makaranta kuma, maimakon kulob ya riƙa shiga ta katangar da ta rushe, a rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya tsakanin shugaban makaranta da koci, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. A faɗi ranaku da awanni, a ce kulob zai share fili ya gyara raga, koci zai ba ƙungiyar makaranta atisaye sau ɗaya a mako, makaranta kuma za ta tabbatar da shekarun duk ɗalibinta da ke kulob ɗin daga littafin rajista. Koci ya sayi littafi mai bango mai tauri, kowane yaro da shafinsa: suna, hoto, ranar haihuwa da inda aka samo ta, makaranta da aji, lambar wayar uba ko mariƙi, ciwon da yake da shi, ranar da ya shigo kulob, da sa hannun mahaifi. Ga almajiri, malaminsa ne zai sa hannu. A ƙarshen kowane zango yaro ya kawo sakamakon jarrabawarsa a rubuta a ƙasan shafin kafin a ba shi jesi.